Makaɗan Roma da Yahudawan gabashin Turai: abota ce ko neman abinci?

MaiGurmi_Kano
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Daren jiya ina yawo a YouTube, daga kiɗan gurmi na faɗa kiɗan goge, ban ankara ba sai ga ni a wani faifai na wata ƙungiyar makaɗa ta ƙasar Hangare mai suna Muzsikas. Faifan ya fito a 1993, kuma kiɗan bukukuwan Yahudawa ne na yankin Maramuresh da kewaye, a arewacin Romaniya ta yau. Abin da ya hana ni barci shi ne, waɗanda suka nuna musu yadda ake kaɗa shi ba Yahudawa ba ne. Tsofaffi biyu ne 'yan ƙabilar Roma, Gheorghe Covaci mai gogen Turawa, da Arpad Toni mai wani abin kiɗa da ake kira simbalom. Su ne suke yi wa Yahudawa kiɗan biki kafin yaƙin duniya na biyu. A 1944 aka kwashe Yahudawan yankin zuwa sansanonin kisa na 'yan Nazi, akasarinsu ba su dawo ba, amma kiɗan ya zauna a kan tsofaffin nan kusan shekara hamsin.

Tambayata ga masana: tsakanin Roma da Yahudawan nan abota ce ta gaskiya, ko kuwa sana'a ce kawai, ka kaɗa a biya ka kowa ya kama gabansa? Ni dai zuciyata ta fi karkata ga abota. Mutum ba ya riƙe kiɗan wanda ba ya so har shekara hamsin.

DanBall_Funtua
Ni da na ga Roma na shigo da gudu, na ɗauka maganar kulob ɗin Italiya ake, har na shirya zagin tsohon kocinsu Mourinho. Ashe kiɗa ne. Allah ya ba da sa'a, ina gefe ina sauraro.

Malam_Tarihi
Wa alaikumus salam. DanBall, ba kai kaɗai ke wannan ruɗewa ba. Roma ɗin nan ba su da alaƙa da birnin Rum, kuma sunansu bai fito daga sunan ƙasar Romaniya ba, kama ce kawai ta zo. A harshensu Rom na nufin mutum namiji ko miji. Asalinsu arewa maso yammacin Indiya ne, sun baro can wajen shekara dubu da suka wuce, suka ratsa Farisa da ƙasar Rumawa har Turai. Harshen nasu ɗan'uwan Hindi ne, ruwa ma pani suke ce masa, wanda duk mai kallon fim ɗin Indiya a cikinmu ya san kalmar. Turawan da suka fara ganinsu sun ɗauka daga Masar suka zo, daga nan sunan Jipsi ya samo asali, kuma da yawansu ba sa son a kira su da shi. Yau ana ƙiyasta sun kai miliyan 10 zuwa 12 a Turai.

Game da tambayarka MaiGurmi, bari in fara aza tubali. A yankin da ake kira Moldabiya da Basarabiya, wato gabashin Romaniya da ƙasar Moldoba ta yanzu, akwai gidajen makaɗa iri biyu, duka na gado. Na Yahudawa ana ce musu klezmer, na Roma ana ce musu lautari. Dukansu masu kiɗan biki ne, uba ya koya wa ɗa, kuma dukansu mutanensu ko masu ɗaukarsu aiki na raina su. Suna haɗuwa a ƙungiya ɗaya, Bayahude ya kaɗa a bikin Kirista, ɗan Roma ya kaɗa a bikin Bayahude. Akwai makaɗan Roma da suka iya Yidish, harshen Yahudawan gabashin Turai, kamar an haife su a ciki.

Bazazzagiya
Malam Allah ya ƙara basira. Wato dai irin maroƙanmu ne. Ana son kiɗanka, ana yi maka liƙi, amma ka nemi auren 'yar gidan ka ga yadda ido zai juya.

Abu_Ammar
Subhanallah. Duk abin da ke faruwa da 'yan'uwanmu a Gaza, ku kuna nan kuna tattauna kiɗan Yahudawa? Shi kansa kiɗan me hukuncinsa? Ku ji tsoron Allah.

MaiGurmi_Kano
Malam Abu Ammar, Allah ya sa mu ji tsoronsa baki ɗaya. Abin da ke faruwa a Gaza yana ci min rai kamar yadda yake ci maka. Amma mutanen da nake magana a kansu talakawan ƙauye ne, masu ɗinki da masu yankan katako da 'yan tireda, an kashe su a 1944, shekara huɗu kafin a kafa ƙasar Isra'ila. Ban ga yadda zan ɗora musu laifin abin da ba su gani ba.

Sarkin_Zaure
Jama'a, dokar zaure tana nan: ba zagin addini ko ƙabilar kowa. Maganar hukuncin kiɗa mun yi ta a wani zaren har sai da aka gaji, mai so ya koma can. Siyasar Gabas ta Tsakiya ma tana da nata wurin. A nan a tsaya kan tambayar da aka yi. Abu Ammar muna girmama ra'ayinka.

Likita_a_Yash
Ni a garin Yash nake karatu, babban birnin tsohuwar Moldabiya ɗin da Malam ya ambata, shekarata ta biyar ke nan. Bari in ba ku abin da idona ya gani. Bara wani abokin karatuna ya gayyace ni bikin yayarsa a ƙauyensu. Makaɗan duka 'yan Roma ne, su shida: mai goge, mai akodiyon, mai sarewar kilarinet, mai babban goge da ake tsayarwa a ƙasa, mai ƙaho, da mai simbalom. Simbalom ɗin nan kamar tebur ne da aka shimfiɗa wa wayoyi fiye da ɗari, ana dukansu da 'yan sanduna biyu da aka naɗe bakinsu da auduga. Hannun mutumin ba ya ganuwa don sauri.

Abin da ya ba ni dariya, liƙi suke yi sak irin namu. Mai gogen zai zo har kan teburinka ya sunkuyo yana kaɗa maka a kunne, ba zai tafi ba sai ka soka masa kuɗi a tsakanin wayoyin gogen ko a aljihun riga. Kawun ango da ya sha ya yi tatil sai ya tofa wa takardar kuɗi yawu ya manna wa mai akodiyon a goshi. Na ce ashe duniya ɗaya ce.

Amma ga inda nake so ku lura. Da aka zo cin abinci, makaɗan can bayan rumfa aka kai musu, kusa da inda ake wanke kwanuka. Mutumin da ɗazu yake kuka yana rungumar mai goge, shi ne ya ce min in kula da wayata saboda "ka san halinsu". Don haka ni MaiGurmi ina shakkar abotar nan taka. In Kiristan da ke zaune da su yau haka yake yi musu, me zai sa in ɗauka Bayahuden 1930 ya bambanta?

'YarMaradi
Dakta ka taɓo wurin. Amma akwai bambanci ɗaya. Kiristan nan ƙasarsa ce, shi ke da gona da hukuma. Bayahuden kuwa shi ma baƙo ake ɗaukarsa. Wanda aka kora da wanda aka kora in sun haɗu a bakin ƙofa, hirarsu daban take.

Malam_Tarihi
Hajiya ta faɗi gaskiya, amma kada mu daidaita su gaba ɗaya, don wahalarsu ba iri ɗaya ba ce. Roma a Moldabiya da Walakiya, wato kudancin Romaniya ta yau, bayi ne, bauta ta sosai, ana sayar da su ana gadonsu. Takarda mafi tsufa da ta ambaci haka ta 1385 ce, kuma ba a 'yanta su ba sai 1855 a Moldabiya, 1856 a Walakiya. Masu su sarakuna ne da manyan masu ƙasa da gidajen ibadar Kirista. Makaɗi ma bawa ne, ubangidansa na iya ba da shi kyauta. Yahudawa ba bayi ba ne, suna kasuwanci, suna da makarantunsu, amma tsarin mulkin Romaniya na 1866 ya ce Kirista kaɗai ke iya zama ɗan ƙasa, sai bayan yaƙin duniya na ɗaya aka ba su wannan 'yanci baki ɗaya. Kun ga ɗaya an ɗaure shi a ciki, ɗaya an tsayar da shi a waje.

Wani abu kuma da ya kusanta makaɗan biyu shi ne addinin Yahudawan kansa. Ba sa kaɗa kayan kiɗa ranar Asabar, kuma malamansu ba sa ganin makaɗi da daraja. To idan shagali ya faɗo lokacin da Bayahude ba zai taɓa goge ba, ko kuwa garin ba shi da makaɗan Yahudawa, kamar yadda yake a ƙauyuka da yawa na Hangare da Taransilbaniya, yankin da yau yake cikin Romaniya, wa za a kira? Ɗan Roma. Shi kuma dole ya san kiɗan rakiyar ango, da na rawa, da na sa amarya kuka, in ba haka ba baɗi ba za a neme shi ba.

Bazazzagiya
Tsaya Malam, sa amarya kuka kuma? Su ma suna yi?

Malam_Tarihi
Suna yi ƙwarai. Akwai wani mutum da suke kira badhan, kamar sanƙira ne mai barkwanci da wa'azi a haɗe. Kafin ɗaurin aure a zaunar da amarya a kujera, mata su kewaye ta, shi kuma ya dinga rera mata baituka yana tuna mata ta bar gidan uwa, in marainiya ce ya ambaci iyayenta da suka rasu, mai goge na bin sa a hankali har sai kowa ya yi hawaye. Daga nan a juya kiɗa zuwa na rawa.

Bazazzagiya
Ikon Allah. Ni ranar da za a kai ni, gwaggona ce ta yi min wannan aikin ba tare da goge ba. Kalma uku ta faɗa na fashe.

Gwani_Zango_Kumasi
Ni ɓangaren kalmomin ya fi jan hankalina. Klezmer daga Ibrananci ne, kli da zemer, wato kayan waƙa. To zemer ɗin nan tushensu ɗaya da mizmar na Larabci. Almajirai za su tuna hadisin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yabi muryar Abu Musal Ash'ari ya ce an ba shi mizmari daga mizmaran iyalan Dawuda. Lautari kuma daga lauta ne, wani abin kiɗa mai tsarkiya, kuma in ka bi sunan har gindinsa za ka tarar da al'ud na Larabawa. Ƙungiyar makaɗan ma taraf suke ce mata, kalmar Larabci ce da ta bi ta Turkanci. Sannan akwai wani hawa da saukar murya da Yahudawan ke kira freygish, wanda in mai kunne ya ji zai ce ai wannan maƙamu Hijaz ne da wasu alarammomi da ladanai ke bi. Don haka da MaiGurmi ya sa mana faifan ban ji shi baƙo ba.

Malam_Tarihi
Gwani, ka kawo mai muhimmanci. Dalilin shi ne Moldabiya da Walakiya sun yi ɗaruruwan shekaru a ƙarƙashin Daular Usmaniyya, kuma daga farkon ƙarni na 18 har 1821 sarakunan da ake naɗa musu Girkawan Santambul ne. Kiɗan fada na Turkawa ne, makaɗa na zuwa Santambul neman kuɗi su dawo da sabon salo. Wato tukunyar da Bayahude da ɗan Roma suka ci a ciki, Baturke ne ya hura wutarta.

Dan_Omdurman
Salam. A nan Sudan muna da wasu mutane da ake ce wa Halab, farare-farare, an san su da ƙira da gyaran ƙarfe. Masana na cewa su ma asalinsu Indiya ne, dangin waɗanda ake kira Dom a ƙasashen Larabawa, ko da yake reshensu daban da na Roma ɗin Turai. Raini iri ɗaya ake yi musu. Mu Hausawan nan da aka daɗe ana kira Fallata ana tambayarmu takardar asali, mun san ɗanɗanon abin, don haka ba na shiga cikin masu yi musu dariya.

DanBall_Funtua
To ni fa har yanzu ban ji an amsa tambayar ba. Abota ko kasuwa? Ku yanke mana hukunci mu tafi.

Likita_a_Yash
Kasuwa. Makaɗi yana haddace abin da ke kawo masa kuɗi. Shi Covaci ɗin nan na tabbata ya iya kiɗan Romaniyawa da na Hangariyawa da na Yukren, don duk suna zaune a yankin. Za mu ce duka abokansa ne?

MaiGurmi_Kano
Dakta, hujjarka ce za ta kayar da kai. In kuɗi ne kawai, bayan 1944 wa ya sake biyan sa ya kaɗa na Yahudawa? Kasuwar ta mutu murus. Ni makaɗi ne, ƙarami dai, amma na san kiɗan da ba ka taɓawa shekara biyar yana zubewa daga yatsunka. In har ya kai shekara kusan hamsin yana nan daram, to yana kaɗa shi shi kaɗai a ɗaki. Wa yake kaɗa wa?

Likita_a_Yash
Ko kuma kiɗan ne ya yi masa daɗi. Son kiɗa daban, son masu kiɗan daban. Mu nawa ne a nan muka haddace waƙoƙin Indiya ba mu taɓa gaisawa da Ba'indiye ba?

'YarMaradi
Wannan misalin bai zauna ba Dakta. Mu a talabijin muka ji. Shi a tsakar gidansu ya tsaya, ya ga amaryar da idonsa, ya san sunan ubanta.

Ummu_Sultana
Ban cika magana a zauren nan ba amma wannan ta taɓa ni. Ina cikin ɗaliban da suka gudo daga Yukren a 2022 da yaƙi ya ɓarke. Mu ta Sighet muka shiga Romaniya, ta kan wata gadar katako a kan kogin Tisa, kuma Sighet ɗin nan a Maramuresh ɗin da kuke magana take. Mun kwana biyu a garin. Wata mata da ta ba mu masauki ta zaga da mu, ta nuna mana gidan da aka haifi Elie Wiesel, marubucin nan da ya tsira daga Auschwitz, sansanin kisa na 'yan Nazi, ya samu kyautar Nobel ta zaman lafiya a 1986. An mai da gidan wurin tarihi. Ta ce kafin yaƙi Yahudawa sun kusa rabin garin, yanzu sai ɗaiɗaiku.

Abin da ba zan manta ba shi ne a bakin iyaka. Mu baƙaƙe an bar mu a baya a layi, wannan kowa ya ji labari. Amma akwai wasu da suke bayanmu ma, iyalai ne na Roma da yara rututu, babu mai kallonsu. Wata tsohuwa a cikinsu ta ga ina rawar sanyi, ta kwance wani ƙyalle mai furanni daga kafaɗarta ta ɗaura min a wuya. Ba ta jin yarena ba na jin nata. Ƙyallen yana nan a akwatina. Ban sani ba ko sunan wannan abota, minti goma ne kawai. Amma in irin wannan ne ya riƙa faruwa tsakaninsu da Yahudawa shekara ɗari biyu, to ni ban damu da sunan da za a sa masa ba.

Bazazzagiya
Allah sarki. Allah ya saka wa tsohuwar nan. Sannu 'yar'uwa.

Abu_Ammar
Sannu Ummu Sultana, Allah ya kiyaye gaba. Ni matsayina kan kiɗa bai canja ba. Amma zalunci zalunci ne ko a kan wa aka yi shi, wannan ban musa ba.

DanJamus
Bari in ɗan zuba ruwan sanyi, don kada labarin ya yi zaƙi da yawa. An kashe su tare, gaskiya ne. Yahudawa miliyan 6, Roma kuma ƙiyasi ya kama daga 220,000 zuwa 500,000. A Romaniya ma gwamnatin Antonescu ta kora Roma kimanin 25,000 zuwa Taransnistiriya, yankin Yukren da Romaniya ta mamaye lokacin yaƙi, a 1942, wajen 11,000 suka mutu a can, inda ta riga ta kai Yahudawa. A Auschwitz a daren 2 ga Agusta 1944 aka hallaka Roma 2,897 da suka rage a sansaninsu.

Amma bayan yaƙi hanya ta rabu. A 1956 babbar kotun Jamus ta Yamma ta yanke cewa abin da aka yi wa Roma kafin 1943 ba don ƙabilarsu ba ne, wai matakin hana laifi ne, don haka da yawa suka rasa diyya. Sai 1982 shugaban gwamnati Helmut Schmidt ya amsa cewa kisan ƙare dangi ne. Wurin tunawa da Yahudawa a Berlin an buɗe shi a 2005, na Roma sai Oktoban 2012, shekara ashirin bayan an amince za a gina, kuma a tsakani an yi ta jayayya, har da wasu masana tarihi Yahudawa, kan ko kisan biyu iri ɗaya ne. To ina abotar a lokacin?

Malam_Tarihi
Gyara kaɗan ɗan'uwa. Adadin 2,897 shi ne na tsofaffin littattafai, amma binciken da gidan tarihin Auschwitz ya yi daga baya ya nuna sun haura 4,000. Sauran maganarka haka take. Sai dai ka faɗi rabi ka bar rabi. Wa ya zana wurin tunawar na Roma? Dani Karavan, Bayahude haifaffen Tel Abib. Simon Wiesenthal kuma, wanda ya ƙare rayuwarsa yana farautar 'yan Nazi, ya daɗe yana faɗa a saka Roma a cikin tunawa. Ko'ina akwai masu rowa da masu kyauta.

DanJamus
Na karɓi gyara Malam. Kuma gaskiya wurin yana da kyau, na je sau biyu, yana kusa da majalisar dokoki. Wani tafki ne zagayayye, ruwan baƙi ƙirin, a tsakiya akwai dutse mai kusurwa uku da ake ɗora wa sabon fure kullum. Kana tsaye za ka ji sautin goge siriri yana fitowa daga cikin itatuwa. Wani ɗan Sinti, reshen Roma na Jamus, mai suna Romeo Franz ne ya kaɗa shi.

Gwani_Zango_Kumasi
Goge dai goge. Ko a nan, Dagomba na da gonje, Yarabawa da Zabarmawa na da goje, mu muna da goge, kuma duk inda ya je sai an ce na 'yan duniya ne.

MaiGurmi_Kano
Gwani ka tuna min. Ku nemi bidiyon wani tsoho Nicolae Neacsu na ƙungiyar Taraf de Haidouks, 'yan Roma ne daga ƙauyen Clejani kudu da Bukares, ya rasu a 2002. Yana ɗaura silin gashin doki ɗaya a jikin wayar gogensa, ya ajiye bakan, ya dinga jan silin da yatsu biyu. Sautin kamar ƙofar da ta shekara ba a buɗe ba, kamar kuma tsoho na kuka. Na gwada a gogen wani abokina, sai da na tsinka gashi huɗu ban samu komai ba.

DanBall_Funtua
Ka biya shi gashin dokinsa dai.

Malam_Tarihi
Tunda an koma kan makaɗa, ga wani da zai rikita lissafin Dakta da na MaiGurmi duka. Mishka Ziganoff, mai akodiyon, haifaffen Odesa, ɗan Roma ne kuma Kirista, ya yi ƙaura zuwa Amurka ya zauna a Niyu Yok. Ya iya Yidish sosai, kuma faya-fayan da ya ɗauka tun daga 1919 suna cikin tsofaffin taskar kiɗan klezmer. Ga kuma Joseph Moskowitz, Bayahude daga Galats a Romaniya, gwanin simbalom, wanda ya buɗe gidan abinci a Niyu Yok yana kaɗa wa baƙi kiɗan Romaniya da na Roma. In aka sa maka faifansu ba a gaya maka ba, ba za ka ce ga Bayahuden ga ɗan Roman ba. Doina, wato kiɗan kaɗaici mara kari da makiyayan Romaniya ke yi, ta hannun lautari ta shiga bikin Yahudawa har ta zama tasu. Rawar bulgar da ta mamaye bukukuwan Yahudawan Amurka ita ma daga Basarabiya ta fito. Walter Zev Feldman, wanda mahaifinsa ɗan garin Edinets ne a Moldoba, ya yi rubutu mai zurfi a kan wannan.

A 2008 kuma wani makaɗi Ba'amurke mazaunin Jamus, Alan Bern, ya haɗa makaɗa 14, wasu na klezmer wasu na lautari, don su gano yadda kiɗan ya kasance kafin a raba su. Har Edinets ɗin suka je neman tsofaffi.

Likita_a_Yash
To ai Malam wannan ya ƙara nuna abin da nake faɗa. Abotar ta makaɗa ce da makaɗa, 'yan sana'a ɗaya. Mahauci da mahauci ma suna shiri ko ba yare ɗaya ba. Amma a ce al'umma biyu abokan juna ne, wannan babbar magana ce. Ba sa auren juna, Bayahude mai kiyaye addini ba zai ci abincin gidan ɗan Roma ba. Kuma ina zargin Turawan yau suna son labarin ne don yana sayar da tikitin bukukuwan kiɗa. Suna tafa wa ɗan Roma a kan dandamali, gobe su rushe masa bukka.

'YarMaradi
Wannan ta ƙarshen na yarda da kai ɗari bisa ɗari. Amma zancen aure da abinci ba shi ne ma'auni ba. Mahaifina ya yi shekara talatin yana ciniki da wani Bayarabe Kirista, ba su taɓa cin kwano ɗaya ba, ba su haɗa zuri'a ba. Ranar da Baba ya rasu mutumin nan ya taso tun daga Ibadan, ya zauna a ƙofar gida kwana uku. Ciniki ne ya haɗa su, to a kira shi me?

Ummu_Sultana
Allah ya jiƙan Baba.

'YarMaradi
Amin 'yar'uwa, na gode.

MaiGurmi_Kano
Allah ya gafarta masa Hajiya. Wani abu da ban faɗa ba a farko: wani masanin kiɗa Bayahude, Zoltan Simon, ya rubuta wasu daga cikin kaɗe-kaɗen nan a takarda jim kaɗan bayan yaƙi, kuma da takardunsa 'yan Muzsikas suka fara. Amma takarda ba ta gaya maka inda za ka ja, inda za ka sassauta, inda za ka sa gogen ya yi shessheƙa. Wannan sai da suka zauna gaban tsofaffin. Shi ya sa har yanzu ban sauka daga ra'ayina ba, ko da yake Dakta ya rage min ƙarfi.

Likita_a_Yash
Ni ma Hajiya ta rage min nawa. Ga abin da zan yi. Mai gogen da ya kaɗa a bikin nan na bara ya haura saba'in, kuma abokina ya ce uban mutumin ma makaɗi ne a yankin tun kafin yaƙi. Yash kuwa gari ne da Yahudawa suka yi yawa ƙwarai kafin kisan Yunin 1941, wanda ya ci fiye da mutum 13,000. In mun gama jarrabawa zan sa abokina ya kai ni gidansa in tambaye shi ko ubansa ya bar masa wani kiɗan Yahudawa, da abin da yake faɗa a kansu.

Gwani_Zango_Kumasi
Ka tafi da goro, ko abin da ke matsayin goro a can. Ba a zuwa wa makaɗi hannu rabbana.

Bazazzagiya
Dakta don Allah in ya yarda ka ɗauko mana a waya. Ka ce ya kaɗa na sa amarya kuka, shi nake son ji.

Likita_a_Yash
In sha Allah Anti. Sai dai ku yi min addu'a, jarrabawar cututtukan ciki ce ranar Litinin kuma ga ni nan tun la'asar ina musu a kan goge.